Ƙafar da Ban Duba Ba

Yau kwana ashirin da fitata daga takaba, kuma sai yau hannuna ya yarda ya riƙe waya ya yi dogon rubutu. 'Yan uwana mata da muke karanta littattafan soyayya tare a waya, kun yi ta tambayata me ya kashe Sajan, mutumin da kuka gani garau ranar aurenmu. Wasu na ce musu ajali, wasu na ce musu ciwon suga. Duka gaskiya ne. Amma akwai nawa kason a ciki, kuma shi nake so in faɗa, ko Allah zai sa wata ta tsira da nata mijin.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Asma'u, a Nasarawo ana ce mini Ma'u mai turare, don turaren wuta da humra nake haɗawa ina sayarwa. Shekara biyar na yi ina zawarci da 'ya'ya mata biyu, Hafsa da Ummi, bayan ubansu ya sallame ni ya yi Kudu, ko goron salla ba ya aiko musu. A shekarun nan littattafai ne abokan hirata. Kun san irin waɗanda nake so: soja ya dawo daga daji da rauni, ba ya kula kowa, sai ga wata bazawara mai haƙuri ta faɗo rayuwarsa, kafin a kai babi na talatin ya warke sumul. Raunin nasu kullum a kafaɗa yake, ko ɗan tabo a gefen gira wanda ke ƙara musu kyau. Ban taɓa karanta inda aka ce ciwon jarumin yana wari ba.

Sajan Buba keken haya mai ƙafa uku yake ja, shi ke kai mini yara makaranta. Bafulatani ne dogo, magana ba ta dame shi ba. Ya bar aikin soja ne bayan motarsu ta taka nakiya a daji, aka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Ƙafar roba yake sawa, in ba an faɗa miki ba sai ki ce ɗan ɗingishi ne kawai. Matarsa ta fari ta yi jinyarsa wata biyu. Ranar da aka kwance bandeji a gabanta ta ga abin da ya rage, ta ruga waje ta yi amai, bayan sati guda ta nemi takardarta. Wannan labarin bai ba ni shi ba sai ana saura kwana goma aurenmu, yana zaune cikin kekensa a ƙofar gidanmu, ni ina tsaye.

"Maman Hafsa, abu ɗaya zan roƙa," ya ce, bai ko ɗago ya dube ni ba. "Ƙafan nan nawa ne ni kaɗai. Ni zan wanke, ni zan shafa mai, ni zan ɗaure. Kada ki taɓa cewa sai kin gani."

"Haba Sajan, ni yarinya ce? Haihuwa biyu na yi, me zan gani ya firgita ni?"

"Ita ma haka ta ce."

Na ce na yi alkawari. Ya ce in rantse, na ce wallahi ba zan duba ba. Na shige gida zuciyata fari ƙal, ina jin kaina wata tauraruwar littafi, mace mai gane mijinta tun kafin ya gama magana. Allah ya yafe mini wautata.

Wata goma sha huɗu muka yi cikin daɗin da ban taɓa sani ba. Ummi tun a satin farko ta fara ce masa Baba, ba wanda ya koya mata. Ranar Lahadi zai jera takalman makarantarsu ya goge har sai sun ɗauki ido, yana cewa ba a fita fareti da ƙura. Hafsa da ke tsoron lissafi ya zaunar da ita sai da ta zo ta uku a aji. Kafin magariba yake dawowa, ya ɗauki bokiti ya shige wani ɗan ɗaki da ke kusurwar gidan ya ja ƙofa. In ya fito sai ki gan shi da sanda, ya naɗe ƙafar wando ya soke da fil. Dogayen safar da yake sa wa dungun shi ke wanke abinsa, ya shanya a bayan ɗakin. Da safar yake kwana. Ni kuwa ko inda igiyar shanyar take ba na kallo, ina taƙama ni mai cika alkawari ce.

Ciwon ya fara ne cikin bazara, lokacin da zafin Gombe ke hana mutum zama cikin ɗaki da rana. A satin farko abin da na lura da shi shan ruwa ne. Sajan zai shanye kofin silba uku a tsaye, bai kai ƙofa ba ya dawo ya ƙara. Fitsari kuwa ba adadi, har Hafsa ta ce Baba yana tsayar da keke sau biyu kafin su isa makaranta. Na ga tururuwa na taruwa a bakin banɗaki, na zuba kananzir na wuce, ban san abin da suke bi ba. Ɗingishinsa ya ƙaru. Da na yi magana ya ce, "Roban ne ya ɗan ci ni, gumi ne kawai."

A satin ne kuma ya fara yabon turarena. Mutumin da ko sabon ɗinki na sa sai dai ya yi murmushi, ranar nan ya shigo ya ce, "Wannan sabon haɗin naki ya yi. Ƙara zubawa." Kaina ya kumbura. Na ƙara kajiji, na ƙara sandal, garwashi ba ya mutuwa a gidan daga safe har yamma. Ya nemi in ba shi ƙaramin kasko ya riƙa shiga da shi ɗan ɗakinsa, na zaɓar masa mafi kyau. Duk wadda ta zo saye sai na ce mata, "Ɗauki wannan, har maigidana da ba ya yabon abu ya yaba." Sana'ata da nake ci da 'ya'yana da ita, da ita na taya shi rufe warin da zai tona mana ciwon tun yana ƙarami.

A sati na biyu ya yi kwana biyu bai fita aiki ba. Na je ɗauko tsintsiya a bayan ɗakin, na ga igiya wayam ba safa ko ɗaya, ga toka a ƙasa da guntun ƙyalle da bai gama ƙonewa ba. Wani tsohon abokin aikinsa ya ba shi shawara a waya, wai a daji kafso suke ɓarewa su barbaɗa garin a kan ciwo, kwana uku ya ƙame. Ni da kaina na je kemis na sayo masa. Da yammar ranar na tsaya a ƙofar ɗan ɗakin, ina jin yana jan numfashi ta haƙori.

"Sajan, in shigo?"

"Kin rantse fa, Maman Hafsa."

Hannuna na kan ƙofar, ko sakata babu. Turawa kawai zan yi. Zan faɗa muku gaskiya, ba tsoron rantsuwa kaɗai ya riƙe ni ba. Na tuna shekara biyar ɗin nan, na tuna yadda ake kallon bazawara a gidan biki, na tuna Ummi tana tambayata me ya sa su ba su da baba. Na ce a raina in na tura ƙofar nan ya ga na ci amanarsa, wa ya san abin da zai biyo baya? Na sauke hannuna na koma na ɗora tuwo.

Sati na uku zazzaɓi ya sauka. Rana tsaka, mutane na neman inuwa, Sajan na rawar sanyi cikin bargo. Mai kemis ya ce maleriya ce da taifot, ya haɗo magani. Yayarsa Adda Dija ta zo daga Kumbiya-Kumbiya, ita ma bai nuna mata ba, ta bakin ƙofa ya kwatanta mata. Ta fito ta zauna kusa da ni ta rage murya.

"Daji ne, Ma'u. Daji kuma ba ya son allura, ana soka mishi ƙarfe zai bazu. Kada ki yarda a kai shi asibiti. Zan kawo garin magani, a kwaɓa da man shanu."

"Adda, ni fa ko ganin wurin ban taɓa yi ba."

"To, me za ki gani? Mu haka muka tashi, namiji ba ya buɗe ciwonshi wa mace. Babanmu saniya ta karya mishi haƙarƙari, sai da ya warke Innarmu ta sani."

Na ji sanyi a raina, don ta faɗi abin da nake so in ji. Muka shafe kwana biyar ana miƙa masa kwaɓin man shanu ta ƙofa.

Allah ya saka wa Mama Rahila da alheri. Maƙwabciyarmu ce, Batangaliya, tsohuwar nas da ta yi ritaya. Ta shigo wata Talata da hantsi za ta sayi humra don bikin 'yarta. Ta zauna, ta buɗe kwalba ta shinshina, sai na ga ta ajiye ta ɗaga hanci sama.

"Ma'u, kashe garwashin nan."

"Mama, sabon haɗi ne fa."

"Na ce ki kashe."

Na yayyafa ruwa. Muka jira hayaƙin ya washe. Sai ga shi ya taso, wani wari mai nauyi kamar naman da aka manta a leda. Sati biyu ina kwana ina tashi a cikinsa.

"Shekara talatin na yi a ɗakin masu gyambo, na san wannan," ta ce. "Ina Sajan?"

Na nuna ɗan ɗakin, na fara ba ta labarin rantsuwa. Ta ce, "Ke kika rantse, ni ban rantse wa kowa ba." Ta tura ƙofa ta shiga. Na ji yana cewa, "Mama, don Allah kada ki bari ta gani." Da ta fito ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi in nemo mota yanzu yanzu, in ɗauko zani da bokiti da flas.

Asibiti kuwa sai wanda ya je. Layin kati daban, layin biya daban, layin awon jini daban, kowanne a wani gini. Ba gado a ɗakin gaggawa, Sajan ya zauna kan keken marasa lafiya tun kafin azahar har aka yi la'asar, kansa na lilo. Ba don Mama Rahila ta tarar da wata da ta taɓa koya wa aiki ba, ban san lokacin da za a gan mu ba. Likitan matashi ne, da ganinsa ya gaji. Ya shiga bayan labule ya daɗe, ya fito yana cire safar hannu.

"Hajiya, ke ce matarsa? Wa yake duba masa ƙafar nan a gida?"

"Shi yake dubawa."

"Shi kaɗai?" Ya dube ni. "Suga gare shi, ya hau sosai, kuma ya daɗe. Mai suga ba ya jin zafin gyambo sai ya yi nisa. Ciwon ma a ƙarƙashin dungun yake, ta baya, inda idonsa ba ya kaiwa. Irin wannan sai wani ya duba masa. Da wani ya leƙa sati uku da suka wuce, wanki da magani ne kawai."

Maganar nan har yau tana kunnena. Wa yake duba masa ƙafar nan a gida.

A sati na huɗu aka sake yanke ƙafar, wannan karon daga saman gwiwa. Aka ce a kawo jini leda uku. Ban kira kowa ba sai mutum ɗaya cikin abokan aikinsa na da, amma kafin azahar su bakwai suka zo, Musulmi da Kirista, wani ido ɗaya, wani da sanda, suka jeru a ƙofar ɗakin ɗibar jini. Wanda ya ba da shawarar kafso yana cikinsu, ya kasa haɗa ido da ni. Ban riƙe shi ba, shi ma abin da ya sani ya faɗa. Kekensa muka sayar a satin, don kowace safiya da sabuwar takardar magani, rabi a ce babu a ciki sai an tsallaka titi. Auduga mu, safar hannu mu, ruwan ƙari mu. A baranda nake shimfiɗa tabarma da sauran 'yan jinya. Wata nas ta taɓa daka mini tsawa a gaban mutane wai mun zauna da ciwo a gida har ya ruɓe sannan mun zo muna damun su, na shiga banɗaki na yi kuka, don ba ƙarya ta yi ba. Wata kuma, ban ma san sunanta ba, kullum sai ta raba abincinta da ni. Adda Dija ta koma gidanmu ta riƙe mini yara sati uku cur. Ranar da ta ji an ƙara yanke ƙafar ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka tana cewa ita ta kashe ƙaninta, sai ni na koma ina ba ta haƙuri.

Duk da haka, in an zo wankin ciwo sai Sajan ya ce, "Maman Hafsa, ɗan ba mu wuri." Ni kuma in fita in tsaya bayan labule kamar baƙuwa.

Bayan aikin ya ɗan farfaɗo. Ya sha kunu, ya nemi a kawo masa yara, ya duba littafin Hafsa ya ce ta gyara rubutunta. Wata yamma ya gan ni riƙe da waya ya ce, "Karanto mini in ji, sojan naki ya warke?" Na karanta masa babi biyu. Ya yi dariya har sai da ya riƙe ciki.

"Wannan mai rubutun bai taɓa shiga bariki ba. Kuma kullum Kyaftin ne ko Manjo, ba a taɓa rubuta Sajan."

"Ni zan rubuta," na ce.

"To ki ba shi ƙafa biyu, ya huta."

Ranar na koma baranda da ƙwarin gwiwa, har na fara tunanin sana'ar da zai yi daga zaune.

Sati na biyar zazzaɓin ya dawo, ya fi na da. Mutumin da fitsari ya hana shi sakat, yanzu ledar da aka rataya masa ta wuni ba komai a ciki. Fuskarsa ta kumbura, ɗaya ƙafar ma ta kumbura. Likita ya kira ni gefe ya ce ƙwayar cutar ta riga ta shiga jini tun kafin mu zo, kuma ƙoda ta gaji. Aka yi masa wankin ƙoda sau biyu. Masu zuwa dubiya kowa da nasa: a kai shi Kano, a nemo rubutu, a gwada wani mai magani a ƙauye. Na daina amsawa, sai dai in ce Allah ya saka.

Ranar wata Lahadi da safe, a sati na shida, ma'aikata sun yi ƙaranci. Bandejin ya jiƙe har ya ɓata zanin gado. Nas ɗaya ce a ɗakin gaba ɗaya, wadda ke raba abinci da ni. Ta ja labule, ta leƙo ta ce, "Madam, zo ki ɗaga mini ƙafan, ba zan iya ni kaɗai ba."

Sajan ya buɗe ido da ƙyar. "A jira wani."

Ban san daga inda ƙarfin ya zo mini ba. Na ce, "Sajan, na karya rantsuwar. Zan yi kaffara." Na shiga na ja labulen a bayana.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ciwon ba kyan gani. Ɗinkin ya buɗe ta gefe, naman ya yi duhu, ruwa na tsattsafowa, ga wari. Na sa hannu biyu na tallabe cinyar na ɗaga. Da zafi, kuma ba nauyi, duk ya rame. Nas na wankewa ni ina riƙe, da ta ce in miƙo auduga na miƙa, da ruwan ya gangaro na sa gefen zanina na tare. Zuciyata ba ta tashi ba ko kaɗan. Abin da na ji kawai tausayi, da haushin kaina. Duk tsawon lokacin idonsa na kan fuskata, yana jiran ya ga na yamutsa ta.

Nas ta gama ta fita.

"Ba ki fita ba," ya ce.

"In je ina?"

"Ba ki ji ƙyama ba?"

"Ƙafar mijina ce, Sajan."

Sai ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa suka fara rawa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar.

"Ashe da tun a gida... Na cuce mu, Ma'u."

"Tare muka yi," na ce, na kwantar da kaina a gefen gadon.

Kwana huɗu na samu ina riƙe masa ƙafar kowace safiya. Bai ƙara cewa in ba su wuri ba, in ma aka zo wanki ba na kusa sai ya ce a kira ni. Ranar Alhamis bayan azahar, ina shafa masa ruwa a leɓe, ya yi kalmar shahada a hankali ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kankarar zunubi. Ummi har yanzu in ta ji ƙarar keke a ƙofa sai ta ɗaga kai.

Abin da nake roƙonku, 'yan uwa, kaɗan ne. In mutum ya fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa yana yawan fitsari, a je a auna suga, ba a jira. In da mai ƙafar roba a gidanku, ko mai suga, wani ya riƙa duba masa ƙafa kullum, da ido, har ƙarƙashi. In gida ya cika da turare, wata rana a kashe garwashi a shaƙi iskar ɗakin. In mijinki ya ce kada ki ga ciwonsa, ki ba shi haƙuri ki gani, ya yi fushin ya huce. Na gode wa Mama Rahila, da Adda Dija, da sojojin nan bakwai, da nas ɗin da ban san sunanta ba.

Da na fita takaba na je wurin malamin islamiyyarmu na tambaye shi hukuncin rantsuwar da na karya. Ya ce irin wannan rantsuwa ai tun farko karya ta ya fi alheri, kaffararta kuma ciyar da mabuƙata goma ne. Jiya na tashi da safe na dafa shinkafa da wake, na soya manja da yaji, na ɗauki tukunyar a keke zuwa barandar da na yi sati uku a kanta. Na zuba wa 'yan jinya goma da suka zo daga ƙauye, suka ci suka sa mini albarka, har ta yi saura. Kafin azahar na dawo gida na wanke tukunyar na kife. Na zauna ina kallon ta na kasa tashi. Abin da ya hana ni tura ƙofar ɗan ɗakin nan ke nan, tukunya ɗaya ta shinkafa da wake.